Masu Cewa Gara Bature, Ku Zo Mu Yi Lissafi



Tun da tsadar nan ta sa mu a gaba, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu. Ka zauna wajen mai shayi bayan sallar isha'i, ko a rumfar masu goro, ko a kara ana jiran tirela ta sauke shanu, da zarar an taɓo kuɗin mudun shinkafa sai ka ji wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi gara Bature. Da za su dawo su karɓi ƙasar nan da mun huta." Da a bakin dattawa kaɗai muke jin ta, da mun yi shiru saboda girmansu, don kowa da begen ƙuruciyarsa. To amma yanzu har samarin da ko kwabo ba su taɓa kashewa ba, balle sule, su ma sun ɗauka suna yayatawa a waya. Shi ya sa muka ga shirun ya isa haka.

Mu nan 'yan kasuwa ne, jikokin fatake. Ba a yi mana ciniki da daɗin baki. Duk wanda ya ce hajarsa ta fi, sai mu ce a kawo ma'auni. To ga ma'aunin, tambayoyi biyu ne kacal: a zamanin Bature wa ke yanka farashi? Kuma da za a ɗora haraji, wa aka tambaya? Abin da muke cewa shi ne, fushin da ya kori Ingila daga ƙasar nan daga waɗannan wurare biyu ya tsiro, kasuwa da mulki, kuma talakawa irinmu ne suka fara yin sa tun kafin 'yan boko su iya rubuta takardar koke.

Kafin mu shiga, bari mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa, kada a ce mun yi son zuciya. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Tafiyar da madugu ke yi wata da watanni da jakuna ta koma ta 'yan kwanaki. Goron da ke lalacewa a hanya ya riƙa isa da ɗanyensa. Harin bayi ya tsaya. Ita kanta unguwar nan a 1916 aka ware mana ita, a ƙarƙashin mulkinsu. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya shimfiɗa dogo daga Kano zuwa bakin teku, da wani daga Inugu zuwa Fatakwal, ya san abin da yake so ya kwasa: gyaɗa, auduga, kuza, kwal, manja. Mu mun raɓu ne a jikin taragon da aka ƙera don wani.

Ku tuna da kamfani aka fara. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Royal Niger Company na George Goldie takardar izinin ya yi ciniki kuma ya yi mulki a bakin kogin Kwara da Binuwai. Sunan mutumin har yau yana nan a Kano, a Gidan Goldi. Ku duba wannan tsari da idon ɗan kasuwa: wanda kuke gasa da shi a kasuwa shi ne mai karɓar kuɗin fito, shi ne alƙali, kuma shi ke da soja. Mutanen Nembe, a can bakin teku, tun kaka da kakanni suke shiga kasuwannin kogi suna sayen manja. Rana ɗaya kamfani ya ce su baƙi ne, sai sun biya fam 50 na lasin kafin su yi ciniki a inda iyayensu suka yi. Wanda ya shiga ba lasin sunansa ɗan fasa-ƙwauri, ana iya harbin kwalekwalensa. Da yunwa ta ishe su, a watan Janairu 1895 Sarki Koko ya tara kwalekwalen yaƙi ya auka wa hedikwatar kamfanin a Akassa. Sojan ruwan Ingila suka zo suka ƙone Nembe. Kafin nan, a 1887, an yaudari Jaja na Opobo ya shiga jirgi don a yi shawara, aka wuce da shi, daga baya aka kai shi tsibiran yammacin Indiya, bai sake ganin gida da ransa ba. Babban laifinsa shi ne ya tsare kasuwannin manja, har ya fara aika nasa Ingila kai tsaye.

Da aka karɓe izinin kamfanin a ƙarshen 1899, kun san abin da aka yi masa? Biyansa aka yi, fam 865,000, aka kuma ba shi rabin kuɗin da gwamnati za ta samu daga ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai wannan labarin mutanen bakin ruwa ne, ina ruwan Bahaushe? To mu dawo gida. Bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya ɗora wa ayarin fatake harajin hanya: kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har ya kai kashi 15. Kanwa, gishiri, goro, dabbobi, tufafin saƙa, wato daidai kayan da kakanninmu ke ɗauka, su aka tsare a hanya. Sai a 1907 aka soke shi. Aka hana shigo da wuri, aka ce haraji da jangali sai da kuɗin Bature. A ina talaka zai samu sule? Sai ya noma abin da kanti ke saya, ya sayar a farashin da kanti ya faɗa. Turawan masaƙun Lankasha sun kafa ƙungiya tun 1902 don a noma musu auduga mai araha, burinsu Arewa ta ba su ɗanyar auduga, su kuma su mayar mana da ita akoko da alawayyo, masaƙan Kano da marinan Kura su san inda dare ya yi musu. Manoman Kano da suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in ciniki ya ƙi ana iya cin ta, sai suka juya mata. Wannan ma amsa ce suka ba Bature, ba tare da sun ɗaga murya ba.

Kada kuma a ce ai kasuwa a buɗe take, mai ƙarfi ya ci. Buɗe wa wa? Jiragen ruwan da ke zuwa gaɓar nan sun haɗa kai tun 1895 ƙarƙashin jagorancin Elder Dempster. Dokarsu ita ce za a mayar maka da wani kaso na kuɗin dako bayan watanni, amma in ka kuskura ka ɗora kaya a jirgin wani ko sau ɗaya, ka yi asararsa. Shugaban kamfanin jiragen, Alfred Jones, shi ne kuma ya kafa bankin Turawa na Afirka ta Yamma a 1894, bankin da sabon kuɗin azurfa ke shigowa ta hannunsa. Jirgi nasu, banki nasu, kanti nasu. A 1929 manyan kamfanoni biyu suka haɗe suka zama UAC, ƙananan 'yan kasuwa suka koma yaranta. Ko attajiri irin Alhassan Dantata, da duk basirarsa da jarinsa, matsayin da tsarin ya bar masa shi ne ya saya wa kamfani gyaɗa. Fitar da ita waje aikin Bature ne.

Ga wani misali da zai shiga ran duk mai iyali. A shekarun 1930, lokacin da kasuwar duniya ta faɗi, kuɗin gyaɗa da koko da manja suka zube, yadin Japan mai araha ya fara shigowa, talaka ya samu abin rufe jiki. A 1934 gwamnati ta ƙayyade yawan yadin Japan da zai shigo, don kada masaƙun Ingila su rasa kasuwa. Wato abin da kake sayarwa ya faɗi, babu mai tausaya maka. Abin da kake saya ya yi sauƙi, an tashi an toshe. Haba jama'a, wannan ne adalcin da ake bege?

A 1937 manyan kamfanonin Turawa suka ƙulla yarjejeniya kan sayen koko: kowa da rabonsa, farashi ɗaya, ba gasa. Mu da muka san kara, mun san ma'anar mahauta su haɗa baki kafin a sauke shanu. Manoman Gwalkwas, Gana ta yau, suka ƙi sayar da kokonsu wata biyar, suka kuma ƙaurace wa kayan kanti. A nan ƙasar Yarabawa ma 'yan kasuwa da matasan 'yan siyasa suka tayar da ƙura. Sai da Landan ta turo kwamitin bincike a 1938, shi ma ya ce yarjejeniyar ba ta dace ba. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, gwamnati da kanta ta karɓi sayen amfanin gona, ta naɗa kamfanonin nan wakilanta, ta raba musu kaso gwargwadon cinikin da kowa ya yi a baya. Wanda aka hana shiga jiya, an hana shi yau da hujjar bai yi ciniki jiya ba. Bayan yaƙi aka mayar da abin hukumomin ciniki: ta koko a 1947, ta gyaɗa da ta auduga da ta manja a 1949. Hukuma ta saya a hannun manomi da rahusa, ta sayar a waje da tsada, rarar miliyoyin fam a ajiye a Landan, wai don ranar da farashi zai faɗi. Dalar gyaɗar da muke liƙa hotonta a shaguna muna alfahari, buhunan manoma ne da aka riga aka saya da araha, suka taru saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe su.

Wannan ke nan game da farashi. Sai tambaya ta biyu: wa aka tambaya?

Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 shi ne ya fara kawo zaɓe a majalisar dokoki. Kujeru huɗu ne kawai ake zaɓa, uku a Ikko, ɗaya a Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara zai jefa ƙuri'a. Ibadan da duk girmanta ba ta zaɓar kowa. Arewa kuwa majalisar ba ta ma yi mata doka, Gwamna ne ke sa hannu shi kaɗai, haka aka tafi har 1947. Shi kansa tsarin Richards da ya shigo da Arewa majalisa, an rubuta shi ba tare da an nemi ra'ayin 'yan ƙasa ba, abin da ya sa jam'iyyar NCNC ta zaga ƙasa ta tara kuɗi ta tura wakilai Landan a 1947.

A ƙasa kuma, Razdan da Di'o ne masu yanke magana, sarki ya isar. Masu masaukinmu sun ɗanɗana. Razdan Kyaftin Ross, wanda ya aza harsashin ɗakin taro na Mapo, ya ɗora Alafin na Oyo a kan Ibadan, garin da ya fi Oyo ƙarfi nesa ba kusa ba kafin zuwan Turawa. A 1925 aka tuɓe Baale Shittu aka kore shi daga gari. Sai a 1934 Ibadan ta fita daga ƙarƙashin Oyo. Iseyin da Okeho sun yi bore a 1916. A 1918, da aka kawo haraji ƙasar Egba a kan aikin tilas da ake yi, mutane suka tashi, suka tumɓuke dogo, suka yanke wayar tangaraho. Shi ne yaƙin Adubi, an kashe ɗaruruwa. A Gabas, inda babu manyan sarakuna, Bature ya ƙirƙiro nasa ya ba su takarda. Aka fara karɓar haraji a 1928. A ƙarshen 1929, kuɗin manja na faɗuwa, sai ga ɗan aiken wani hakimin takarda a garin Oloko ya shiga gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa yana ƙirga mutane da awaki. Mata suka fahimci harajin zai hau kansu. Dubbai suka fito, suka auka wa kotunan En'e da kantunan Turawa. Soja suka buɗe wuta, aka kashe mata fiye da 50. Ku lura da wuraren da suka nufa: kotu da kanti. Matan nan ba su yi boko ba, amma sun san inda ciwon yake.

Daga nan abin bai tsaya ba. A Ikko, matan kasuwa ƙarƙashin Alimotu Pelewura sun yi shekaru suna ja da tsarin ƙayyade farashin abinci na lokacin yaƙi. A watan Yuni 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da na sauran ma'aikatu suka shiga yajin aiki na sama da kwana 40 saboda albashi ya kasa sayen abinci. A Abekuta mata ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada kan harajin mata, har Alake ya sauka daga gado a farkon 1949. A Akara, inda 'yan uwanmu ke zaune a zango, ƙaurace wa kayan kanti aka fara yi a Janairu 1948 saboda tsada, wata guda bayan haka gari ya kama da wuta. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu, a kan rikicin albashi. Shekara goma sha ɗaya bayan wannan aka sauke tutar Ingila.

Mun san abin da wasu za su ce: ai duk a Kurmi aka yi waɗannan, mu Arewa lafiya lau muka zauna da Bature. Wannan magana tana ba mu mamaki. An manta da Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada? An manta da Satiru a 1906, garin da aka shafe daga doron ƙasa, da Haɗeja a shekarar nan? An manta da ɗiban gwamna, lokacin da aka riƙa kwasar talakawa daga ƙauyuka tsakanin 1942 da 1944 ana kai su haƙar kuza a sanyin Jos, da yawa ba su dawo ba? Ku tambayi tsofaffinmu dalilin da ya fito da iyayensu daga gida. Ciniki ya kawo wasu, gaskiya ne. Wasu kuwa gudun haraji da aikin tilas da bulalar dogari ne ya sa suka bi dogo suka yo Kudu. Wanda aka toshe wa baki, ƙafarsa ce ke yi masa magana. Da aka samu 'yar kafa kuwa, a watan Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, a cikin watan kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Mutum biyu da ba sa shan inuwa ɗaya a siyasa, Ɓalewa da Malam Aminu Kano, duk sun ga ciwon.

Kuma don kada a ɗauka baƙar fata ne kawai ba su iya haƙuri ba, ku dubi Amurka. Yawancin mazauna yankuna 13 na can jinin Ingila ne, yarensu ɗaya, addininsu ɗaya. Amma dokokin Landan sun ce tabarsu da wasu kayansu sai Ingila za a kai, a jiragen Ingila. A 1765 majalisar da ba su da wakili ko ɗaya a cikinta ta ɗora musu harajin takardu. A 1773 aka ba wani kamfani gatan sayar musu da ganyen shayi, suka hau jiragen a Boston suka zubar da akwati 342 a teku. A 1776 suka ɓalle. In ɗan'uwan Bature na jini bai iya zama a ƙarƙashin wannan tsari ba, don me jikan Bahaushe zai zauna a Sabo yana roƙon a dawo da shi?

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, kuma a nan ne muke so a saurara da kyau. Masu cewa gara Bature suna da gaskiya a abu ɗaya: ana shan wuya. Inda suka kuskure shi ne ganin kamar cutar sabuwa ce. Da Bature ya tafi, ya bar kayan aikinsa, namu suka ɗauka. Hukumomin ciniki ba su mutu a 1960 ba, gwamnatocin jihohi sun ci gaba da tatsar manomi da su, sai a 1986 aka rushe su. Dogon benen Cocoa House da muke gani a Dugbe da kuɗin manoman koko aka gina shi. A 1968 da 1969 manoman ƙauyukan da ke kewaye da mu suka yi boren Agbekoya a kan haraji da faɗuwar kuɗin koko, har suka fasa gidan yarin Agodi suka saki 'yan uwansu. Akwai dattawa a unguwar nan da suka ga wannan da idonsu. Tambayoyin manoman nan su ne dai na matan Oloko: wa ya yanka farashi, wa aka tambaya?

To mu fa? Motar shanu ko ta albasa da ta taso daga Arewa, shinge nawa take tsayawa kafin ta iso, kuma rasit nawa direba ke dawowa da shi? Lugga ma da ya tsare fatake, ya sa wa abin iyaka, kashi 15. Kuɗin da ake karɓa a hannunmu a kasuwa kullum da sunan tikiti, wa ya zauna da mu kafin a ƙara shi? Har a cikin ƙungiyoyinmu na kanmu, yaushe rabon da a karanta mana lissafin kuɗin shiga da na fita a bainar jama'a? Kada mu zagi Goldi da rana, mu kwaikwaye shi da dare a kan ƙaramin dillali da ɗan dako. Mai cewa gara Bature ya sallama ke nan, ya yarda cewa sai dai a mulke shi, zaɓinsa kawai wane ubangida. Mu ba mu yarda ba. Abin da kakanninmu ba su samu ba, mu muna da shi: katin zaɓe, bakin magana, da damar zama a teburin da ake yanke hukunci.

Don haka muna kira. Duk wanda ya kai shekara 18 a unguwar nan ya je ya yi rajista a nan inda yake zaune yake biyan haraji, ya daina cewa sai ya koma gida. A riƙa halartar taron ƙungiyar kasuwa, a nemi rasit a kan kowace naira, a nemi a karanta lissafi. Shugabanninmu, Allah ya ƙara muku girma, in za a ƙara wani kuɗi a tara mutane a gaya musu dalili tukuna. Mu haɗa kai da maƙwabtanmu Yarabawa 'yan kasuwa a kan shingayen hanya da yawan tikiti, don abin da ke cin mai goro shi ke cin mai gari. Malaman makarantun Islamiyya da na boko kuma, a tura yara wajen tsofaffin da suka rage, su rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da jangali da ɗiban gwamna, kafin ƙasa ta rufe mana su.

Wanda kuma har yanzu yake ganin gara Bature, shafin nan a buɗe yake. Ya kawo nasa lissafin, da shekara da adadi, mu auna a gaban jama'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.